Tsakuwa Tara a Gwangwanin Mnena

Daga tashar jirgin ƙasa ta Agyaragu zuwa ƙofar cocinmu na Lafiya mil tara ne. Daga gidan Mnena zuwa tashar kuma mil ɗaya. Goma ke nan zuwa, goma dawowa. Na auna da kekena, na kuma bi alamomin mil da ke gefen layin dogo ɗaya bayan ɗaya, lissafin ya zo daidai. Tsakanin Afrilun 1951 da Agustan 1952 matar nan ta yi wannan tafiya sau goma sha bakwai, a ƙasa, da goyo a bayanta, cikinta ba komai. Mil ɗari uku da arba'in. Ni Aper, katikis na Agyaragu, wato malamin koyar da addini na coci, ni na ƙirga, ba ji na yi a bakin wani ba.

'Yar ƙabilar Tibi ce kamar ni. A 1946 ta haye Binuwai da mijinta Iorliam, suna neman sabuwar ƙasar noma. Mai gari ya yanka musu fili a gefen fadama, suka kafa bukka biyu da rumbu ɗaya, suka shiga noman doya da riɗi. Doguwa ce, siririya, ba ta iya tafiya a hankali ba. Ko rijiya za ta je sai ka ce an aike ta kiran ungozoma.

A ajina na koyon addini mutum ashirin da uku ne, kuma ita ce ta ƙarshe wajen haddace amsoshi. Shekara biyu da wata huɗu ta yi kafin Fada, limamin cocinmu, ya yarda ya yi mata baftisma a 1949, da sunan Francisca, sunan da ba mai kiranta da shi sai Fadan. Amma ranar da na koyar da su game da Tarayya Mai Tsarki, ita kaɗai ta tsayar da ni. Ta ce in faɗa mata gaskiya, farin abin nan da Fada ke sa wa mutane a harshe, Yesu ne da kansa ko alamarsa ce kawai? Na ce shi ne da kansa, jikinsa da jininsa. Ta sake tambaya, na sake ba ta amsa. Sai ta juya ta kalli sauran 'yan ajin.

"To in shi ne da kansa, me ya sa kuke zuwa a makare?"

Tun daga ranar ban ƙara jin ta yi wata tambaya a kan maganar ba. Ta karɓa, ta riƙe.

Iorliam bai bi ta coci ba, bai kuma hana ta ba. Shi dai ya yi nomansa. A shekarar baftismarta ne idanunsa suka soma dushewa, irin makantar nan da ta yi yawa a ƙauyensu na bakin kogi. Kafin farkon 1951 abin da ya rage masa shi ne ya bambance rana da duhu. Sai kuma sanƙarau ya shigo a watan Maris. A jama'armu ta coci kaɗai mun binne mutum goma sha ɗaya. Biyu daga ciki 'ya'yan Mnena ne, Ortese mai shekara shida da Ushahemba mai huɗu, kwana biyar tsakaninsu. Ya rage mata jaririya, Sewuese, 'yar wata bakwai.

A wannan makon ne wata tsohuwa cikin jama'armu ta yi kwana biyu tana kiran Fada. Mnena ce ke jinyarta. Fada ɗaya ne, ƙauyukansa sun fi talatin, bai iso ba sai bayan mun rufe kabarin. Wannan ya tsaya wa Mnena a rai fiye da yadda na zata. Bayan kwana tara ta zo ta same ni, ta ce ta tuna na taɓa yi musu bayanin Juma'o'i tara, in maimaita mata.

Ga yadda abin yake, don wanda bai sani ba. A cocinmu akwai ibadar da mutum zai karɓi Jikin Almasihu a Juma'ar farko ta kowane wata, wata tara a jere, da begen cewa Ubangiji ba zai bar shi ya mutu ba tare da alherinsa ba. A jere na ce. In ka tsallake ɗaya, ko ta takwas ce, sai ka koma farko. Kuma dokar azumi a lokacin ba sassauci: tun daga tsakar dare ba ci, ba sha, ko ɗigon ruwa, sai ka karɓa. Fada kan jinkirta Mas, wato babbar ibadar coci, na Juma'ar farko zuwa ƙarfe goma saboda mu na ƙauye. Jirgi kuwa ba ya biyowa sai rana ta take, in ma ya zo. Saura ƙafa.

Na lissafa mata duka: mil goma, awa uku da rabi, yarinya tana shan nono, ita kuma ba ruwa. Na ce ta bari sai ta yaye. Ta ce sanƙarau bai jira ta yaye ba. Na ce to in riƙa ɗaukarta a bayan keke. Ta ce matar makaho a bayan keken katikis kowane wata, ina so bakin mutanen Agyaragu ya samu abin taunawa ke nan?

Ana cikin haka yayan mijinta, Iorchia, ya iso ta'aziyya daga gida. Kada wani ya ɗauka mugu ne. Dattijo ne mai hankali, ya yi kuka a kan kabarin yaran kamar nasa. Abin da ya gani shi ne ƙanensa makaho a ƙasar baƙi, yara biyu sun tafi a mako ɗaya, ba namijin da zai riƙe garma. A ganinsa akwai abin da ya ɓaci a gidan, irin wanda mu Tibi ke kira akombo, kuma ba ya gyaruwa sai a gaban dattawan dangi. Ya ce su ɗaure kaya su bi shi. A al'adarmu yana da ikon faɗin haka.

Mnena ta san ƙauyen. Daga can zuwa inda za a ga Fada tafiyar kwana biyu ce. Ta durƙusa ta ce ya ba ta wata tara, akwai alkawarin da za ta cika, in ta cika sai su yi magana. Iorchia ya ƙirga a yatsunsa, ya ga ya faɗa Disamba, bayan an haƙe doyar da ke ƙasa. Ya yarda.

Ranar shida ga Afrilu ta soma. Da ta fito daga coci ta tsinci tsakuwa ɗaya a harabar, ta kai gida ta jefa a wani tsohon gwangwanin madara da ke rataye a bukkarta. Mayu ta jefa ta biyu. Ni nakan tashi ƙarfe takwas a keke, in cim mata wajen mil shida ko bakwai, tana tafe tana jan carbinta, kan Sewuese na lilo a bayanta. Ba ta taɓa tsayawa gaishe ni ba. Hannu kawai take ɗagawa.

Maƙwabciyarta Huseina, Bagwandariya, Musulma, shingen kara ne kawai tsakanin gidajensu. Ita ke leƙa Iorliam in Mnena ta tafi. Ita ce kuma ke tsokanarta, wai azumin rabin yini ma har wani abu ne, ta zo ta gwada na wata guda. Mnena ta ce ta yarda, amma Huseina ta yi nata tana tafiya Lafiya da Salmanu ɗanta a baya, su ga wanda zai soma faɗuwa. Salmanu kuwa a lokacin ya yi gemu.

Yuni, Yuli, Agusta, Satumba, Oktoba. Tsakuwa bakwai. Saura biyu.

Juma'ar farko ta Nuwamba ta faɗa ranar biyu ga wata, ranar da coci ke addu'a domin matattu. Za a karanta sunan Ortese da Ushahemba a bagade, teburin ibada na gaban coci, ni na rubuta su a takarda. Kamar kullum, da zakara ya yi cara Mnena ta tashi ta ɗora tukunya, don ta bar wa mijinta abinci inda hannunsa zai kai. Miyar riɗi ce da busasshen kifi. Hankalinta na wajen yaran. Ta zuba gishiri, ta juya, ta ɗaga ludayi ta ɗiga a tafin hannu, ta lasa, kamar yadda kowace mace ke yi tun tana yarinya. Ta ƙara gishiri kaɗan, ta sauke, ta goya 'yarta ta kama hanya. Ba ta ma san ta yi ba.

A mil shida na same ta tsaye cak a gefen layi, tana kallon tafin hannunta. Ashe ta kai hannu ne ta share gumi, ta ji ƙanshin kifi. Na sauka daga keke.

"Malam, na lashi miya."

Ni mutum ne mai neman hanya, nan take na soma nema mata. Na tambaye ta ko ta haɗiye ko ta tofar, don in ta tofar azumi bai karye ba. Ta ce wace mace ce ke tofar da miyarta? Na ce watakila mafarki take, watakila jiya ce. Ta ce ta san jiya ta san yau. Sai na faɗi abin da har yanzu ina jin nauyinsa. Na ce ɗigo ɗaya ne, bai kai rabin cokali ba, ba da gangan ba ne, ba wanda ya gani, saura biyu ta gama, kuma Iorchia na nan tafe wata mai zuwa.

Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Wanda zan karɓa fa, Malam? Shi ma makaho ne?"

Na zata za ta juya gida, ai mil shida baya ya fi sauƙi da ruwa a ciki. Ina, gaba ta yi. Ta ƙarasa mil huɗun, ta sami Fada kafin ya sa kayan Mas, ta faɗa masa. Ya daɗe yana shafa gemunsa. Ya yi mata irin tambayar da na yi, ta ba shi irin amsar da ta ba ni. Ya ce ba zunubi ta yi ba, ko kaɗan, amma doka ba tasa ba ce da zai ɗage, yau ba zai iya ba ta ba. Na ga idon Baturen nan ya kawo ruwa.

Mutum sittin da uku suka tashi suka karɓa a ranar. Ita tana durƙushe a layin baya. Da aka kira sunan 'ya'yanta ta amsa da amin har na gaba suka waiwayo.

Da ta koma gida ta sauke gwangwanin ta juye a tafin mijinta. Ya shafa su ɗaya-ɗaya, ya ce bakwai ne, ina ta yau? Ta gaya masa. Ya ce shi dai miyar ta yi masa daɗi, gishiri ya ji daidai. Ta yi dariya, karo na farko tun Maris, ta karɓi tsakuwoyin ta watsa su bayan shinge. Suka faɗa gidan Huseina. Huseina ta leƙo tana tambayar wa ke jifarta, aka ba ta labari. Ba ta yi tsokana ba wannan karon. Ta ce daga yau duk Juma'ar da za a yi tafiya ita za ta shigo ta ɗanɗana miyar, Maman Sewuese kuma ta rama mata in watan azumi ya kama. Suka tafa a kan haka.

Laraba biyar ga Disamba Iorchia ya iso da maza biyu masu ɗaukar kaya. Aka aika aka kira ni, don a yi magana a gaban shaida. Ya zauna a kan turmi, ya sha ruwa, ya ce wata tara za su cika jibi, yana so ran Asabar su tashi. Mnena ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin, ta kife shi a gabansa. Ba abin da ya faɗo. Ta ba shi labari ba ta rage komai ba, alhali da ta yi shiru ba yadda zai sani.

Iorchia ya girgiza kai. Ya ce to ga shi ta gani da idonta. Ta binne 'ya'ya biyu, ta yi tafiyar wata bakwai da ƙishirwa, Allahn nata ya kore ta a kan ɗigon miya. Ya ce ko sarkin kasuwa ba ya wannan tsanani.

"Yaya, bai kore ni ba," in ji ta. "Ni ce na ƙi in je masa da ƙarya a bakina. Jibi zan soma daga ɗaya."

"Jibi za ki ɗaure kaya."

"Sai dai ku ɗaure ni da kayan. Ku sa mini igiya kamar akuya, ku ja ni har ƙetaren kogi. Juma'ar farko zan tsinke ta."

Masu ɗaukar kayan suka sunkuyar da kai. Iorchia bai ɗaga murya ba. Ya kawo maganar da ta fi ƙarfi. A wajenmu namiji ke tara ƙasa tudu-tudu da garma, mace ta shuka doya ta yi ciyawa. Doyar bana ta fito ne daga tuddan da Iorliam ya yi da sauran ganinsa. Na baɗi fa, wa zai yi? Addu'a za su ci?

Mnena ta ce ya ba ta safiyar gobe.

Ashe a tafiye-tafiyenta ta sha ganin leburorin layin dogo suna ja da igiya tsakanin turaku biyu don su daidaita gefen hanya. Ta riga ta tufka tata igiyar, ta yi mata ƙulli ashirin, taki ɗaya da rabi tsakanin kowanne. Da safe muka ɗunguma gona, ƙasar fadama da sauran laushinta. Ta kafa turaku, ta ja igiyar, ta sa garma a hannun mijinta. Iorliam ya laluba da ƙafa har ya taka ƙulli na farko, ya ja baya kaɗan, ya sara.

"Idona ne ya mutu, Yaya," ya ce. "Hannun yana nan."

Tudu talatin da ɗaya ya yi a ranar. Lafiyayyen namiji yana yin ɗari da hamsin. Nasa kuma wasu sun karkace, wasu kamar kan jariri. Iorchia ya tsaya yana kallo yana tsaki, yana cewa duk zuriyarsu ba a taɓa ganin layin doya mai kama da tafiyar mashayi ba.

Washegari Juma'a. Da asuba Huseina ta shigo ta ɗanɗana miya, Mnena ta goya Sewuese, ta wuce ta gaban Iorchia da ke wanke fuska, ta gaishe shi da ladabi, ta kama hanyar Lafiya. Bai tare ta ba. Da ta dawo da la'asar da tsakuwa ɗaya a ƙulle a bakin zani, ta tarar da shi da mutanensa biyu a gona, ba riga, suna gyara layin ƙanensa. Ya ce ba don ita yake yi ba, idonsa ne ba zai iya barci a kan wannan abin kunya ba. Kwana uku suka yi, tudu ɗari bakwai da talatin. Da zai tafi ya ce zai dawo a Agusta lokacin sabuwar doya. In ya tarar ta cika, za su yi maganar da ta ce. In kuwa ya tarar da wani labarin miya, ko ya ga ƙashin wuyan ƙanensa, ba zai sake zama a kan turmi ba.

Iorliam ya ci gaba da igiyarsa shi kaɗai. Kafin ƙasa ta bushe ya kai ɗari huɗu da goma.

Zagaye na biyu ya fi wuya, don ya ratsa bazara. Ranar huɗu ga Afrilu na same ta zaune a gindin wata ɗorawa, leɓenta ya tsage, Sewuese na jan nono ba komai. Leburorin layi sun kewaye ta, ɗaya na miƙa mata gora yana cewa, "Mama, sha kaɗan, Allah ba zai yi fushi ba." Ta ce ta san ba zai yi fushi ba, ita ce dai ba ta sha. Ta dafa itacen ta miƙe. Ta Yuni kuma ta faɗa cikin watan azumi, ga Huseina da azumi, ga Mnena da azumi, miya na tafasa ba mai lasa. Suka ba Iorliam. Shi kuwa duk abin da aka ɗiga masa sai ya ce a ƙara ya ji sosai, har Huseina ta ce in ba a ƙwace ludayin ba tukunyar za ta ƙare a wajen ɗanɗano.

Takwas suka taru a gwangwani. Ta tara ita ce ɗaya ga Agusta, 1952. Iorchia ya iso ran Alhamis, ya ce zai bi ta ya ga wannan abin da idonsa.

Ruwa aka wayi gari da shi, mai ƙarfi, ba alamar ɗaukewa. Na bar kekena saboda taɓo, na bi su a ƙasa. Mnena ta kife ƙwarya a ka, ta datse leɓenta. Na gaya mata ɗigon ruwan sama da ya faɗa baki ba da niyya ba, ba ya karya azumi, na karanta da idona. Kallona kawai ta yi. Tun daga gida har Lafiya ba ta buɗe baki ba, ko da Iorchia ya yi mata magana.

A wajen mil biyar akwai rafin da muke tsallakawa ruwa iya idon sawu. Ranar ya cika ya tumbatsa, ja wur, yana tafe da rassan itace. Muka jira kusan awa ɗaya ko zai sauka, ƙaruwa ma yake yi. Hanya ɗaya ta rage, gadar jirgi, wadda ba ta da daɓe, katakan layi ne kawai jere, ruwa na gudu a ƙarƙashi kana ganinsa ta tsakaninsu. Iorchia ya ce a koma, wannan hauka ne. Mnena ta kwance goyo, ta miƙa masa Sewuese, ta hau. Ya tsaya da yarinya a hannu yana zaginta a harshenmu, sannan ya ɗora yarinyar a wuya ya bi bayanta. Katako hamsin da biyu ne. A na talatin da takwas ƙafarta ta zame, ta faɗi a kan gwiwa, ƙwaryar ta tafi ruwa. Ta rufe bakinta da hannu ɗaya, ta ƙarasa da rarrafe.

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin muka isa. An gama Mas, an kulle coci, ba kowa a harabar. Ni dai na soma lissafin wata tara na uku. Ita ko juyowa ba ta yi ba, ta miƙe gidan Fada. Kuku ya tare ƙofa ya ce Fada na karyawa, a dawo anjima. Nan ne ta buɗe bakinta, karo na farko a ranar.

"Fada! Francisca ce. Ban ci ba, ban sha ba, ban lasa ba. Rana ba ta faɗi ba, Juma'a ce har yanzu. Ka fito ka ba ni Ubangijina."

Ya fito da cokali a hannu. Ya kalli jinin gwiwarta, ya kalli dattijon da ke ɗauke da yarinya a wuya. Hausarsa ba ta rarrabe mace da namiji.

"Francisca, ka zo cikin wannan ruwa?"

Bai jira amsa ba, ya miƙa wa kuku cokalin ya ɗauko makulli. Na kunna kyandir biyu. Ya buɗe akwatin bagade inda ake ajiye Jikin Almasihu, ta durƙusa, ruwa na zuba daga zaninta a kan siminti, ya sa mata a harshe. Duka abin bai kai minti biyar ba. Ta yi minti ashirin kanta a ƙasa.

Iorchia na bakin ƙofa, bai shiga ba. Da muka fito ya tambaye ni a hankali, shi ke nan? Ɗan farin abin nan da bai kai farcen babban yatsa ba, shi ne na mil ɗari uku? Mnena ta ji. Ta sunkuya ta zaro tsakuwa daga cikin taɓo, ta wanke a ruwan indararo, ta ce masa ƙarami ne a ido, amma shi ya ɗauke ta tun Maris ɗin bara, da ba shi da tuni tana kwance kusa da 'ya'yanta. Kuku ya kawo ruwa, ta shanye kofi uku.

Maganar da aka yi alkawari a gona aka yi ta washegari. Ta ce ta roƙi wata tara, ya ba ta goma sha bakwai, ta gode. Maganarta ita ce ba za ta tafi inda sai an yi kwana biyu kafin a ga bagade ba. Iorchia ya juya wajen ƙanensa. Iorliam ya bi igiyarsa ya durƙusa a gindin wani tudu cikin karkatattun nan nasa, ya tona da hannu, ya zaro doya ya miƙa inda yake jin numfashin yayansa. Na auna ta daga baya, daga gwiwar hannuna har tsakiyar tafi. Iorchia ya jinjina ta. Ya ce zai gaya wa dattawa ƙanensa na da gona, kuma matar ba ta ɗaukuwa. Gyaran gida na akombo kuwa, mai yankan akuya, zai yi a can da kansa. Mnena ta ce ya yi abin da ya ga dama da akuyarsa, ban da tata. Ya tafi da doya goma sha biyu.

Yanzu a Oktoban 1958 muke. Daga waccan Disamba zuwa yanzu Juma'ar farko tamanin da uku aka yi, uku kaɗai ba ta karɓa ba: biyu na jegon ɗa namiji da ta haifa daga baya, ɗaya kuma ta faɗa ranar tunawa da mutuwar Ubangiji a 1953, ranar da ba a ba kowa ba. Iorliam yana ajina shekara ta uku ke nan, kullum da gardama. Gwangwanin na nan a rataye da tsakuwa tara, ba ta ƙara ko ɗaya ba.

Dokar azumin ma an sassauta. Tun 1953 aka halatta ruwa, bara kuma aka ce awa uku kafin karɓa ya isa. Na je da gudu na lissafa mata: in ta lashi miya ƙarfe biyar da rabi ta karɓa ƙarfe goma, awa huɗu da rabi ke nan, ba laifi ko kaɗan. Ruwan dai ta yarda, yanzu da gora take tafiya. Miya kuwa ta ce in je in gaya wa Huseina da bakina cewa an sallame ta daga aiki, in na isa.

Ban je ba. Juma'ar da ta wuce na bi ta ƙofar gidan da sassafe, na jiyo Huseina a madafa tana cewa gishiri bai ji ba, Mnena na cewa ƙarya take, so take a ƙara ɗiga mata.